Shafi uku da suka haska fuskar waya

Ƙannenmu, idan fuskar wayar gidanku irin ta OLED ce, akwai hannun Ching Tang a ciki. Mu ma sai da muka shigo jami'a muka fara jin sunansa.

An haife shi a Hong Kong a 1947. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya kama aiki a kamfanin Kodak a 1975. A lokacin an san wasu sinadarai masu kabon suna ba da haske idan an sa musu lantarki, amma sai an ɗura musu wuta mai ƙarfin gaske. Tang da abokin aikinsa Steven Van Slyke suka shimfiɗa sinadarai biyu, ɗaya bisa ɗaya, kowanne siriri ƙwarai. Sai ga koren haske da wutar da ba ta kai bolt 10 ba.

Sun buga sakamakon a 1987, shafi uku kacal. Abin da ya fi burge mu shi ne abin da ya biyo baya. Masu bincike dubbai sun ambaci takardar a nasu ayyukan, kuma a jami'a da haka ake auna tasirin malami, ba da kaurin littafinsa ba. A 1990 masana a Kambirij ta Ingila suka samar da irin wannan haske daga roba. Tang ya karɓi lambar yabo ta Wolf a 2011, da ta Kyoto a 2019.

Kodak kuwa bai ci moriyar abin sosai ba: a 2009 ya sayar wa LG sashen OLED ɗinsa.