Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Idan aka zo darasin labarin ƙasa, ɗalibai sukan yi tambaya: ina ruwan ɗan Bichi ko Ɗambatta da teku, alhali tsakaninmu da Legas tafiyar kilomita wajen 1,000 ce? A ganina, muna da ruwa da tsaki a ciki.

Allah ya ba Nijeriya bakin teku mai tsawon kilomita 853, daga iyakar Benin zuwa ta Kamaru. Amfaninsa na farko shi ne tashoshin jiragen ruwa, irin su Apapa da Fatakwal da Kalaba, domin babu abin da ya kai jirgin ruwa arha wajen ɗaukar kaya masu nauyi. Na biyu kifi ne. Na uku kuwa man fetur da iskar gas da ake haƙowa a ƙarƙashin ruwa.

Kakanninmu sun ɗanɗani wannan amfani. Da jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Legas a 1912, sai gyaɗar da ake nomawa a gonakinmu ta sami hanyar zuwa Ingila. Daga nan aka sami dalar gyaɗa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Yau ma riɗi da zoɓorodon da ake tarawa a kasuwar Dawanau ta teku suke bi zuwa Japan da Meziko.

Wanda yake so ya san darajar teku, sai ya dubi maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda ba su da ko taki ɗaya na bakinsa. Bayan juyin mulkin 2023 aka rufe iyaka, kayansu suka maƙale a tashar Kwatano. Tilas aka riƙa zagayawa da su ta Lome da Burkina Faso, kaya suka yi tsada a Maraɗi da Yamai.

Amma fa tsawon bakin teku shi kaɗai ba arziki ba ne. Somaliya tana da fiye da kilomita 3,000, ta fi kowace ƙasa a babban yankin Afirka, amma tun da gwamnatinta ta rushe a 1991 jiragen baƙi suka yi ta kwasar kifinta. Singafo kuwa ɗan tsibiri ne, amma tasharta tana cikin mafi girma a duniya. Bambancin shi ne zaman lafiya da tsari da hanya.

To, a nan ne muke da gyara. Teku rijiya ce, hanya kuwa ita ce guga. Muddin buhun riɗi zai yi kwanaki a bayan tirela, ana tsayar da shi a kowane shinge, to kuɗin mota zai cinye ribar manomi. An aza harsashin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi a 2021, an kuma buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023. Wajibi ne hukuma ta tabbata jirgi yana zirga-zirga tsakaninsu da teku a kan kari, ba a tsaya ga bikin buɗewa kawai ba.

Ku kuma ɗalibai, ku dage da lissafi da kimiyya. Tashoshin nan suna bukatar injiniyoyi da matuƙa da ma'aikatan kwastan, kuma babu dokar da ta ce sai wanda aka haifa a bakin ruwa. Tekun Nijeriya namu ne duka.