Sharhi: Masaƙu sun yi shiru, kuɗin gida na ta hawa a Bompai, Sharaɗa da Challawa

Sharhinmu na yau ya leƙa cinikin gidaje da filaye a unguwannin masana'antu na Kano.

Abin da aka saba gani a duniya shi ne, idan masana'antun gari suka durƙushe, gidajensa ma sai su yi arha. A Detroit ta Amurka, bayan kamfanonin motoci sun ja baya, sai da hukuma ta riƙa gwanjon gidaje tun daga dala 1,000. A Kano ba haka zancen yake ba. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda sun daɗe da kashe inji, amma wanda ya je neman gida ko fuloti a Bompai ko Sharaɗa a yau, kuɗin da dillali zai yanka masa sai ya sa ya nemi wurin zama.

Yadda masaƙun suka mutu sananne ne: tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya tsadar da kayan gyaran inji, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, wutar NEPA ta ƙi tsayawa, atamfar China ta cika Kantin Kwari. Sai dai Kano garin fatauci ce tun kafin ta san masaƙar zamani. Ɗan kasuwar da ke sari a masaƙar gida ya koma sari a Guangzhou, kwantenarsa kuma tana buƙatar masauki. Da haka ɗakunan da a da ake saƙa a ciki da dama suka koma sito, ana jibge irin kayan da suka kashe su.

Sai ga 2023. Aka cire tallafin mai a watan Mayu, aka saki naira a Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma, ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 ya kai 10,000 a Fabrairun 2024. Mai kuɗi ya ga ajiyarsa na narkewa a banki, ya kwashe ya zuba a ƙasa. Mai tsohon gida kuwa ya lissafa abin da sabon gini zai ci, ya ɗora a kan nasa.

Unguwannin uku ba kai ɗaya suke tafiya ba. Bompai, wadda ta girme su, tana jingine da Nassarawa GRA, don haka cinikinta na manya ne. Sharaɗa gari ya riga ya haɗiye ta, katangar kamfani na kallon ƙofar gida. A gefen Challawa da Panshekara ne mai ƙaramin ƙarfi ke samun fegi, galibi awon igiya, kusa da magudanan da majemu ke sako ruwansu mai wari. Rangwamen da ya samu wurin saye, a kantin magani yake biyansa.

Ma'aikaci fa? Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano naira 71,000 ne. Ko haya da ƙyar yake biya, balle a yi zancen saye. Wannan tsada ba alamar arzikin mazauna unguwa ba ce, alamar tsoron faɗuwar naira ce.

Akwai kuma abin dubawa a gaba. An ƙaddamar da tashar sola mai megawat 10 a Challawa a Janairun 2023, ana kuma jiran bututun gas na AKK daga Ajaokuta. In wuta da gas suka zo aka tarar an yanka filayen masana'antu an yi gidajen kwana, ina za a kafa injin? Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka alhakin tsare su yana wuyan gwamnati, ta hannun ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane ta KNUPDA.

Mai shirin saye kuma, rusau ɗin gine-gine da gwamnatin jihar Kano ta yi a Yunin 2023 ya isa ishara. Kafin a biya la'ada, a kai takarda hukumar rajistar filaye ta KANGIS a tantance sunan da ke kanta, a kuma tabbatar filin na gidan zama ne ba na masana'anta ba.