Filin Mata: Rufin Asirin Da Ke Cutar 'Ya'yanmu

 Maganar wannan mako tana da nauyin faɗi, amma nauyin baki ba ya maganinta. Watau maganar miyagun mutane masu lalata da ƙananan yara, da abin da ya wajaba uwa ta yi tun abin bai auku ba, da kuma bayan ya auku.

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF sun yi bincike a Nijeriya. Aka tarar cikin kowaɗanne 'yan mata 4, akwai 1 da aka ci zarafinta ta wannan hanya kafin ta cika shekara 18. Cikin yara maza 10 kuwa, akwai 1. Waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Sauran duk shiru aka yi, aka ce rufin asiri ne. To, asirin wa aka rufa? Na mai laifi, gama shi ne zai kwana lafiya, gobe ya nemi 'yar wani gida.

Mukan gargaɗi yara su guji baƙo, amma Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Galibi mai wannan ɗanyen aiki ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko mai kantin da ake aiken yarinya, ko mai sayen tallarta, ko ma ɗan'uwa na cikin gida. Da alawa yake farawa, da ɗan kuɗin kashewa, da wasa da dariya, har yaro ya saki jiki. Daga nan sai tsoratarwa: "In kika faɗa, zan yanka ki," ko kuwa "Ba wanda zai yarda da ke."

Saboda haka rigakafi daga ɗakin uwa yake farawa. Tun yaro yana shekara 3 ko 4, lokacin da kike yi masa wanka, ki gaya masa cewa inda wando ya rufe nasa ne, ba mai ikon gani ko taɓawa, in ba ke ba wajen wanka, ko likita a gabanki. Ki koya masa ya ce a'a ko da babba ne, ya ruga, ya zo ya gaya miki. Ladabi ga manya abu ne mai kyau, amma bai kai nan ba. Ki kuma yi masa alkawari cewa duk abin da ya kawo miki ba za ki doke shi ba. Yaron da ya san bulala ce ke jiransa, ba zai buɗe baki ba. Kada a aiki yarinya ɗakin namiji ita kaɗai, kada kuma a bar ta wurin talla har bayan magariba.

Ki riƙa lura da alamu. Yaron da ya bar fitsarin kwance ya koma yi, ko mai razana cikin barci, ko mai tafiya da ƙyar, ko wanda ya ƙi zuwa gidan da a da yake ɗokin zuwa, ko wanda kike gani da kuɗin da ba ki san mafarinsu ba, a zauna da shi cikin lalama a tambaye shi.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, yaro ya gaya miki, to, maganarki ta farko ita ce rabin magani. Kada ki rafka salati da ihu har maƙwabta su taru. Kada ki ce, "Me ya kai ki?" Wasu sukan ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana ba ta shafi yaro ba ko kaɗan, laifin duka na babban ne. Ki rungume shi ki ce, "Na yarda da kai, ba laifinka ba ne, ka kyauta da ka gaya mini."

Sa'an nan sai asibiti, ba da jinkiri ba. Kada a tsaya gashi da ruwan zafi, kada a wanke tufafin da ke jikin yaron, domin shaida ce. Akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau, amma tilas a fara shi cikin awa 72, watau kwana 3, a sha shi har kwana 28. Yarinyar da ta fara al'ada kuma akwai maganin hana ɗaukar ciki da ke aiki cikin kwana 5. Ko an riga an yi wanka, ko kwanakin sun wuce, a je dai, don akwai sauran taimako. An buɗe wurare musamman domin wannan: Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala Muhammad na Kano, da Cibiyar Salama a Kaduna, da Cibiyar Nana Khadija a Sakkwato.

Bayan asibiti a kai ƙara wurin 'yan sanda. Kada a yarda da sulhun zaure, inda za a miƙa 'yan kuɗi a ce a bar wa Allah. A shekarar 2020 Jihar Kaduna ta sa hukuncin dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, amma doka komai tsananinta ba ta kama wanda aka ɓoye.

Har wa yau, jinyar zuciya ta fi ta jiki daɗewa. Kada a cire yarinya daga makaranta, kada a yi gaggawar aurar da ita don gudun surutu, kada kuma a bar sunanta ya zama abin hira a bakin rijiya. Sunanta ne ya cancanci rufin asiri.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wurin suna, da gidan biki, da makarantar matan aure, da taron adashi, a ware ɗan lokaci a yi wannan magana. Ungozoma da malamar makaranta su san inda ake kai yaro. A roƙi mai unguwa da liman su yi wa maza tasu nasihar, gama ɗa na kowa ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.