Wace Waya Za Mu Miƙa Wa Yaranmu?

Kalmar waya a Hausa abu biyu take ɗauka: wayar da wuta ke bi, da wayar da ake latsawa. Yaran Gusau da Tsafe da Bunguɗu sun ƙware a ta biyun tun kafin su iya rubuta sunansu. Ta farkon kuwa mun bar wa masu gyaran rediyo da fanka na bakin kasuwa. Wannan rubutu kira ne ga malaman kimiyya da masu kula da ƙungiyoyin JETS na makarantunmu, kuma zan kafa hujjata a kan abin da wasu za su ɗauka wasan yara ne: ƙaramin jirgin ƙasa da ake shimfiɗa wa dogo a kan tebur.

Masu wannan sana'a ta ƙananan jirage a Turai da Amurka sun daɗe suna gardama a kan hanya biyu ta tuƙa jirgin. Ta farko ita ce analog. Ana sakar wa ƙarafan dogon wuta daga sifili zuwa bolt 12. Ka ƙara wuta, jirgi ya ƙara gudu. Ka rage, ya lafa. Ka juya wayoyin biyu, ya koma da baya. Ta biyu ita ce dijital, wadda ta fara yaɗuwa a shekarun 1980 a hannun kamfanonin Jamus irin su Märklin da Lenz, har ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, NMRA, ta mayar da tsarin DCC ƙa'ida a shekarun 1990. A nan wuta tana kan dogo kullum, kuma kowane kan jirgi yana ɗauke da 'yar dikoda mai lambarta. Kana latsa umarni, sai saƙo ya bi dogon, jirgin da aka kira lambarsa shi kaɗai ya amsa, sauran su yi kunnen uwar shegu.

Ba na musun cewa dijital ya fi burgewa. Jirgi biyar kan dogo ɗaya, kowanne da gudunsa, da fitila, da ƙarar usur. A birnin Hambog na Jamus akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda kwamfuta ke sarrafa ɗaruruwan ƙananan jirage, mutane na tururuwa daga ko'ina don su gani. To amma gidan kallo daban, aji daban. Abin da na tsaya a kai shi ne: duk makarantar da za ta koya wa yara wannan fasaha a Zamfara, ta fara da analog, kuma duk wanda ya ce hakan ci baya ne bai fahimci yadda ake haifar injiniya ba.

Hujja ta farko tana cikin abin da ake kira aibin analog. Masu dijital suna cewa: ai ba za ka iya tuƙa jirgi biyu daban-daban a kan dogo ɗaya ba, wutar da ta tura wannan ita za ta tura wancan. Gaskiya ne. Mafita kuwa ita ce yaro ya yanka dogonsa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da makunninta, ya tabbata jirgi ɗaya ne kawai ke cikin kowace a lokaci guda. To, mai karatu, wannan ita ce babbar dokar tsaron jirgin ƙasa ta duniya. A layukan dogo masu hanya ɗaya, tun zamanin da, direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an miƙa masa alamar izini, alamar nan kuma guda ɗaya ce tak, don kada jirgi biyu su yi gaba da gaba. A 1872 wani Ba'amurke, William Robinson, ya yi rajistar dabarar sa wa dogo 'yar wuta, ta yadda ƙafafun jirgi na hawa sai su haɗa ƙarafan biyu, sigina ta nuna cewa akwai jirgi a nan. Har gobe ana amfani da wannan dabara. Yaron da ya sha wahalar raba dogonsa da hannunsa ya riga ya haddace wannan doka a yatsunsa. Wanda aka miƙa wa dijital tun ranar farko zai iya cusa jirgi biyu a gunduwa ɗaya, su gwabza, ya yi dariya ya sake jera su, bai koyi komai ba.

Hujja ta biyu ita ce gyara. Jirgin analog in ya tsaya, dalilinsa ba ya ɓuya: ko batir ya mutu, ko waya ta tsinke, ko dogo ya yi datti, ko moto ya ƙone. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ƙaramin ƙwan fitila zai bi layin ya gano inda wuta ta yanke. Kayan kuma suna ƙarƙashin ƙafarmu: moton tsohuwar rediyon kaset, batirin babur, gwangwanin madara, dalmar liƙi. Amma dikoda in ta ƙone, ta ƙone. Babu mai buɗe ta ya ga abin da ya lalace, sai a yi odar wata daga waje da kuɗin da ake lissafawa da dala. Mun ga yadda akwatunan na'urori ke shigowa makarantu da kiɗa da jawabi, bayan zango biyu a tarar da su a sito ƙura ta rufe, saboda ƙaramin abu ɗaya ya lalace babu madadinsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Hujja ta uku ita ce halin da muke ciki. Wutar lantarki ba ta da tabbas, ko a cikin Gusau, balle ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu. Kuma ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu kira babu intanet. Na san tsarin DCC kansa ba ya buƙatar sabis. Amma malamin da ilminsa duka ya dogara da bidiyon YouTube da manhajar da zai sauke, ranar da sabis ya ɗauke darasinsa ya ɗauke. Batir da makunni da alli ba ruwansu da sabis.

Za a ce mini zamani riga ne, saka shi ake yi. Za a ce layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mai faɗin milimita 1,435 ne, ba irin tsohon namu mai 1,067 ba. Za a ce ga layin Kano zuwa Maraɗi ana ginawa ta Daura da Katsina da Jibiya, ga Jami'ar Sufuri a Daura, ga cibiyar NITT a Zariya, duk ma'aikatan da za a nema nan gaba masu sanin kwamfuta ne. Na yarda da duk wannan, kuma shi ne ma ya ƙara ƙarfafa ni. Me dikoda take yi a cikin kan jirgi? Tana karɓar saƙo, sannan ta auna wa moto wutar da zai sha, ta zaɓa masa gaba ko baya. Wato aikin da yaron analog yake yi da hannunsa shi ne aka ɗora wa 'yar na'ura. Wanda ya san aikin zai ga dikoda ya ce ashe wannan ce, ya koye ta cikin mako biyu. Wanda bai sani ba zai ɗauke ta tamkar tsafi, ya iya latsawa, ya kasa tambayar me ya sa. Irin wannan ne idan na'ura ta tsaya yake naɗe hannu yana jiran a turo ƙwararre daga ƙetare. Da rarrafe yaro kan tashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake yanke hukunci a gasar baje kolin kimiyya. Ɗalibi ya kwana yana lanƙwasa langa-langa, ya naɗe waya, ya haɗa abin da ke motsi ko da yana tangaɗi. Wani ya zo da kayan da aka sayo a kwali, aka ɗaura, ana tuƙawa da wayar hannu. Alƙalai su miƙe su yi tafi, kyauta ta tafi wurin kwali. Da wannan tafin muke gaya wa yaro cewa mai saye ya fi mai ƙira daraja. Mu ne kuma za mu dawo muna kukan ba ma ƙera ko allura. Waɗannan yaran jikokin waɗanda suka yi motar kara da motar gwangwani ne, har da sitiyari da tayoyin silifas. Basirar tana nan, mu ne muke sanyaya mata gwiwa.

Kada kuma a ce ruwanmu da jirgin ƙasa. Dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya dire Ƙaura Namoda a 1929, shi ya ɗaga Gusau ta zama cibiyar auduga da gyaɗa, ya jawo baƙi da kantuna da masana'antu. Yau yara da yawa suna tsallake ƙarafan nan a hanyar makaranta ba su taɓa shiga tarago ba. Wace hanyar koyarwa ta fi a ce aji guda ya gina wannan layi a kan katako, ga Tsafe, ga Gusau, ga Ƙaura, kowace tasha da ɗalibin da ke riƙe da makunninta, babu mai sakin jirgi sai na gaba ya ba shi izini? A darasi ɗaya an koyi lantarki, an koyi tarihi, an koyi amana.

Shawarata ga shugabannin makarantu da malaman da ake yayewa a Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya da ke Gusau, da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda, a bayyane take. Shekarar farko: batir, waya, moto, makunni. Shekara ta biyu: raba dogo, fitilun sigina, dabarar Robinson. Sai a ta uku a kawo dikoda ko allon Arduino, a ce wa yaro ga aikin da ka saba yi, yanzu koya wa na'ura ta yi maka. Alƙalan gasa kuma su riƙa cire waya ɗaya daga aikin kowane ɗalibi, su ce ya gano ta ya mayar. Wanda ya iya, shi ke da kyauta.

Iyaye, ku ma akwai naku. Yaron da ya kwance tsohuwar tocila don ya ga cikinta ba ɓarna yake yi ba, a rage masa bulala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya sa cikin yaran nan a sami waɗanda za su tada usur a tashar Gusau da hannunsu.