Alkawarin Sarkin Fawan Duniya

Mai yiwuwa ne da yawa cikin masu karatu ba su taɓa jin sunan JBS ba. Kamfani ne na ƙasar Barazil, duk duniya kuwa ba wanda ya kai shi yankan dabbobi da sayar da nama. Wani mutum ana ce da shi José Batista Sobrinho shi ya kafa shi cikin 1953 a garin Anápolis, yana yanka shanu kamar biyar a yini. Yau mayankansa sun kai har Amurka da Ostareliya.

To, cikin watan Maris 2021 sai kamfanin nan ya yi shela, wai kafin 2040 zai biya bashinsa na iskar nan da ke dumama duniya. Watau abin da ke fita ta sanadinsa, da abin da zai rage ko ya sa itatuwa su shanye, su zo daidai wa daida. Aka buga a jaridu, aka yi ta yabo.

Amma mu da muka san saniya ya kamata mu tambaya, ina iskar nan take fitowa? Kaɗan ce ke fitowa daga injin ƙanƙara da tukunyar mayanka. Fiye da kashi 90 cikin 100 na bashin kamfanin yana can waje. Saniya in tana tuƙa takan yi gyatsa, ta fitar da wata iska ana kiranta mitan, wadda ta fi iskar kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. Ga kuma dajin Amazon da ake sarewa a ƙone don a sami makiyaya. Cikin 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kiwo shi ke da kashi 14 da rabi cikin 100 na dukan iskar da ɗan Adam ke jawowa.

Akwai kuma wata dabara da duk dillalin kara zai gane. A haifi maraƙi a gonar da aka ci daji, a sayar da shi ga wata gona mai takarda sahihiya, daga nan ya wuce mayanka. Akawun kamfani ba abin da ya gani sai takardar ƙarshe, shi ke nan ya rubuta lafiya.

Ba a daɗe ba asiri ya fara tonuwa. Cikin Fabrairu 2024 babbar lauyar gwamnatin jihar New York, Letitia James, ta kai reshen kamfanin na Amurka ƙara, ta ce yana ruɗin masu saye, don ba shi da wani shiri na cika maganar. Cikin Janairu 2025 wani babban ma'aikacin kamfanin, Jason Weller, ya gaya wa 'yan jaridar Reuters wai abin da ma buri ne, ba alkawari ba. Ashe haka ne! Da Nuwamba ta zo aka sasanta, kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 1.1, kuɗin da a wurinsa bai kai na goro ba.

Dalilin da ya sa na kawo zancen nan a filin manoma shi ne, cikin Nuwamba 2024 JBS ya sa hannu da gwamnatin Nijeriya a kan zai zuba dala biliyan biyu da rabi, ya gina masana'antu shida, biyu daga ciki na naman shanu. Ni ban ƙi zuwansa ba, gama kasuwa alheri ce ga mai kiwo. Abin da nake gudu shi ne ran da aka zo lissafin iska a ɗora wa Bafillace da ƙaramin manomi nauyin, kamfani kuwa ya nuna injinsa sabo ya ce shi ya fita. Don haka tun ba a kafa tubali ba, wakilanmu su nemi a rubuta ƙasar da za a yi kiwon, da wanda zai bi sawun kowace saniya tun daga garken da aka haife ta, da wanda zai biya kuɗin wannan aiki.