Zuwa ga Masu Gareji, daga Wani Mai Son Mota



Ni ba bakanike ba ne, amma na daɗe ina zama a kan bencin gareji. Tun ina ƙarami nake son mota. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini farar Peugeot 504, cikin waɗanda kamfanin PAN ya haɗa a Kakuri ta Kaduna, inda aka soma aikin haɗa motoci a 1975. Faransawa sun fito da samfurin tun 1968, amma a titunanmu ta yi suna: ita ce motar ma'aikata, ita ce ta haya mai dogon zango. Har yau tawa tana tashi da bugu ɗaya, kuma ba ƙarfen Faransa kaɗai ya kawo ta nan ba. Hannun wani dattijon bakanike ne ya raine ta, shi ma ya riga mu gidan gaskiya.

Ina tuna yadda yake aiki. Kafin ya taɓa inji sai ya shimfiɗa buhu a ƙasa, duk notin da ya kwance ya jera shi bi da bi, don kada a tashi ɗaurawa a ga saura. Idan ya canza fulogi ko wani ƙarfe, tsohon yana cikin leda a kan kujerar gaba, ka tafi da abinka. Idan ya ce Laraba, to Laraba ce. Idan aikin ya fi ƙarfinsa, da bakinsa zai tura ka wurin wanda ya fi shi sani. Ana kiran magariba kuwa ya wanke hannu, ya sauya riga, ya kama hanyar gida, ko motar wa ke jira.

Saboda shi nake jin ina da bakin yi muku magana. Kalmar da ta fi cin mutuncin sana'arku ita ce "gobe". Mutum ya kawo mota, kun san sarai hannunku cike yake, amma tsoron kada ya kai wa maƙwabci sai ku kwance masa taya, ku ce ya dawo gobe. Goben nan ta kai mako biyu. Sai kuma a karɓi kuɗin sabon kaya a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo na Kwatano, ba tare da an gaya wa mai mota ba. Kayan Kwatano ba laifi ba ne, wani ma ya fi sabon jabu ƙarko. Ɓoyewar ce laifi. Mafi muni shi ne a fasa salansa a kwashe abin nan da kuke kira indomi, don ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, a like a miƙa wa mutum mukulli ana murmushi.

Wanda ya fi cutuwa da wannan ba mai motar ba ne. Yaron nan ne da ke tsaye da sifana a hannu yana kallo. Uba ya riƙo hannunsa yana ɗan shekara goma sha biyu, ya ce, "Oga, ga amana." Tun bai bambance sifana mai lamba 10 da mai lamba 12 ba, ya iya ɗaga waya ya ce Oga ya fita sayen kaya, alhali Oga yana kwance ƙarƙashin mota. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ku ne kuke tanƙwarawa.

Ina roƙonku ku ajiye dukan yara da fanbel. Na ga yaron da hannunsa ke rawa idan aka ce ya ɗaure noti, don ya san kuskure kaɗan mari ne. Mai tsoro ba ya tambaya, ɓoye kuskurensa yake yi, kuma kuskuren da aka ɓoye a birki rai yake ci. Ku hana su zuƙo fetur da baki ta tiyo, ku hana su wanke hannu da shi. Baƙin mai da ke kwana a jiki yana cutar da fata, don haka ku tanadi sabulu da ruwa a garejin.

Sannan ku bar su su je makaranta, ko da ta yamma ce. Zamanin da ake saita kafireta da kunne yana wucewa. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 duk suna da soket ƙarƙashin sitiyari inda ake jona kwamfuta, ita kuwa da haruffa da lambobi take magana. Idan ta nuna P0301, tana nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Yaron da bai iya karatu ba zai yi ta canza kaya da ka, ko ya cire ƙwan fitilar gargaɗin ya ce ya gyara. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane ke mayar da motoci masu amfani da gas. Wa zai yi wannan aikin nan gaba, in ba yaranku ba?

Akwai maganar gida, kuma a nan da kaina zan fara. Shekaru na yi ina ba motar nan kowace Asabar tawa. Wata rana da dare uwargidana ta ce da ni, cikin sanyin murya, kunnena yana jin ƙarar inji idan ta sauya kaɗan, amma kwana uku 'yarmu tana tari ban ji ba. Ban sami amsa ba, don gaskiya ta faɗa. Ku kun fi kowa sanin inji ba ya bugawa rana ɗaya. Sai ya yi ta ba da alama, ana cewa bari sai an sami sarari. Haka na ga auren abokai da dama ya mutu, ba don wani babban laifi ba. Kuɗinku kullum yake shigowa, shi ya sa yake saurin zurarewa. Ku fitar da na cefane da na makarantar yara kafin na majalisa. Kuma matar da ke wanke kayan aikinku har hannunta ya yi kanta, ta cancanci a zauna a ji ta bakinta, ba a shigo bayan ta yi barci a fita kafin ta gama dama koko ba.

Dattijon da na ba ku labari ya yaye yara da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu ne ke duba motata yanzu. Har yau buhu yake shimfiɗawa kafin ya kwance noti.

Don Allah, Oga, gobe da safe kafin a buɗe bonet na farko, ka kira ƙaramin yaronka ka tambaye shi ko ya karya kumallo, kuma ko ya iya karanta sunansa. Idan bai iya ba, ka nema masa makaranta a makon nan.

Wassalam,
Naku, mai farar 504.