Noti Huɗu Tsakanin Mai Babur da Asibiti

Duk ranar Alhamis, tun da sassafe, hanyoyin da suka nufi kasuwar Maigatari kan cika da babura. Wasu daga Gumel suke, wasu daga Gagarawa da Sule Tankarkar, wasu kuwa daga Jamhuriyar Nijar. Akan ga babur ɗauke da mutum uku, ga buhu a kan tanki, ga kaji rataye a gaba. Da yawa daga hanyoyin ƙauyukan wannan masarauta burji ne ko rairayi zalla, kuma a irinsu ne wata matsala da ake rainawa take bayyana: kan babur, wato sandar ƙarfen nan da matuƙi ke riƙewa, ya riƙa zamewa gaba ko baya a cikin mariƙinsa.

Mai babur kan ce abin ba komai ba ne, ya jawo kan da ƙarfi ya mai da shi daidai, ya ci gaba da tafiya. Wannan kuskure ne babba. Hannun birki da totur duk a jikin wannan sanda suke. Idan ta juya, sai su juya tare da ita, yatsu su kai inda suka saba su tarar babu birki. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin wajen mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Kafin saƙo ya tashi daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, ya sauko ta jijiyoyi, hannu ya laluba ya gano birkin, saniyar da ta ratso hanya ta riga ta iso.

Me ke riƙe kan babur? Ba walda ba ce, ba kuma ƙusa aka soka masa ba. A yawancin babura noti huɗu ne ke matse mariƙi a jikin sandar, gogayya kuma ta hana ta motsi. Tun a shekarar 1699 wani masani Bafaranshe, Guillaume Amontons, ya bayyana cewa gogayya tana ƙaruwa ne gwargwadon ƙarfin da ke danne abubuwa biyu da juna. Domin a ƙara ta ne ma masu ƙira kan yi wa tsakiyar sandar 'yan tsage-tsage masu kaushi.

Aikin da ke kan wannan gogayya ba ƙarami ba ne. Kaurin sandar yawanci milimita 22 ne, wato milimita 11 ke nan daga tsakiyarta zuwa bayanta. Alal misali, idan wurin riƙewa ya ɗara mariƙin tsawo da santimita 11, duk ƙarfin da matuƙi ya tura da shi sai ya ninku sau 10 a wurin matsewar. Dabarar da ke sa doguwar sifana ta kwance noti mai taurin kai ita ce nan take aiki, sai dai a kan mai babur. A haɗa da nauyin fasinjoji da ke zubowa gaba lokacin taka birki, da buhun da ke jingine, sai a ga dalili.

A nan ne gyaran gaggawa kan ƙara ɓata lamari. Wani kan yanko robar tsohon tif ya naɗa. Roba kan riƙe na 'yan kwanaki, amma zafin rana da matsi suna sa ta lotse, notin ya saki ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wani kuma kan zura bututu a sifana ya ɗaure iya ƙarfinsa. Shi kuwa noti, kamar jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, yana ɗan miƙewa idan an ja shi, kuma ƙoƙarinsa na komawa yadda yake shi ne matsin. In aka zarce iyakarsa, ya miƙe ke nan har abada, ko haƙoransa su cinye, ko mariƙin ya tsage, musamman in na alminiyam ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Gyaran ƙwarai ba shi da tsada, haƙuri kawai yake so. A kwance mariƙin gaba ɗaya. A wanke sandar da cikin mariƙin da ɗan fetur, a bari su bushe, domin baƙin mai ko giris kan rage gogayya matuƙa, ƙurar hunturu kuma in ta shiga tana goge tsage-tsagen nan kamar dutsen wāshi. A duba da kyau: sandar da ta lanƙwashe ko ta tsage sakamakon faɗuwa, canji take bukata, haka ma notin da haƙoransa suka lalace. Wajen mayarwa, a bi umarnin kamfanin da ya ƙera babur. A wasu samfura akan fara ɗaure na gaba, sa'an nan na baya. Abin lura shi ne, in murfin mariƙi ya haɗe da gindinsa gaba da baya, babu rata ko kaɗan, to kansa yake matsewa, ba sandar ba. Ko an kwana ana ɗaurewa, ba za ta daina zamewa ba, sai an sake wanda ya cinye.

Malaman kimiyya a makarantun sakandare na yankin suna da rawar takawa. Ana koyar da gogayya a allo da zanen akwati bisa tebur, alhali ga babura jere a bakin ƙofar makaranta, kuma da yawa daga ɗaliban suna tuƙa na iyayensu. Malami zai iya sa ɗalibi ya damƙe sandar tsintsiya wani ya murɗa, sa'an nan a shafa mata man gyaɗa a sake gwadawa. Daga nan a fita waje da ɗan fenti, a ja layi siriri da ya ratsa daga mariƙi zuwa kan sandar babur. Ranar Juma'a da safe, bayan an dawo daga Maigatari, sai a duba ko layin na nan a miƙe ko ya rabu biyu.